Tsugunon Babakura a Kalliri

A fadar hira da ke gindin dogon-yaro, bayan kasuwar tattasai ta Diffa, abu biyu ne ba sa yankewa: shayin Kyari da labarin Babakura. Shayin dai ana shansa da marmari. Labarin kuwa sai dai a yi haƙuri.

Babakura dillalin tattasai ne, ya ba hamsin baya, kuma tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki. Ba shi da gona a bakin kogi, ba shi da kanti, bai je Makka ba. Abin da ya mallaka a duniya labari ne guda ɗaya tak, yana kuwa ji da shi fiye da yadda wani yake ji da gadon ubansa. Wai lokacin yana saurayi, rani ya busar da kogin Komadugu ƙurmus, yana tsakiyar rairayinta sai ya ji ƙugin sabon ruwa yana tafe daga yamma. Saniyar ubansa kuwa tana ɗaure can ƙasa cikin kwarin. Nan ya tattare wando ya zuba da gudu, ruwa yana lasar dugadugansa, har ya riga shi isa, ya kwance saniya, ya haye tudu, ya juyo ya yi wa ruwan gwalo.

Da fari gudun bai wuce daga fada zuwa tasha ba. Da shekaru suka ja sai tazarar ta yi ta girma tare da tumbin, har ta dangana da Geskeru. Saniyar ma ta yi ta haihuwa a cikin labarin har ta zama garke.

"Wai wane ruwa?" Kyari mai dafa shayi yakan tambaya yana fifita gawayi. "Wannan da muke gani yana shigowa kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, yara suna wasa a gabansa?"

"Na yanzu ke nan," in ji Babakura. "Ruwan da can namiji ne."

Bayan gudu, abu na biyu da Babakura yake taƙama da shi ladabi ne. Saurayi bai isa ya gaishe shi a tsaye ba. Sai ya tsayar da shi a bainar jama'a ya yi masa huɗuba: a cire takalmi, a tsuguna, a sunkuyar da kai, kada a tashi sai babba ya sallama. Samarin unguwa har hanya suka sake saboda shi.

A fadar nan akwai Mushe Barnabas, tsohon ma'aikacin gidan waya, mutumin Dogonduci da aiki ya kawo shi Diffa, ritaya ta same shi a nan ya ƙi komawa. Likita ya ce masa hawan jini zai kai shi ƙasa in bai motsa jiki ba, shi ya sa kowace safiya yakan fita bayan gari yana ɗan sassarfa. Babakura ya raɗa wa wannan sassarfa suna gudun agwagwa.

Rannan rediyon Kyari ya sanar cewa wata ƙungiyar matasa ta shirya rabin gudun famfalaki, kilomita ashirin da ɗaya, daga filin ƙwallo a bi hanyar Geskeru har ƙauyen Kalliri, a juyo. Barnabas ya ce a hankali shi ma zai gwada.

Babakura ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Kai? Mushe, ka rufa wa matarka Madam Priskila asiri. Ashirin da ɗaya kuma har wani abu ne? Ni a zamanina wannan ai zagawa bayan gida ne."

"To ka shiga mana," in ji Kyari.

"Kada in kashe wa yara gwiwa."

"Kashe musu. Gwiwar tasu ta yi yawa." Kyari ya ajiye buta ya gyara zama. "Ga shaidu. In ka je Kalliri ka dawo da ƙafarka, ko da magariba ka iso, daga ranar ba mai sake katse maka labari. Ni da kaina zan riƙa yi maka ƙugin ruwan da bakina. In kuwa ka kasa, saniyar nan mun binne ta. Ba ka ƙara ba da labarin a fadar nan har abada."

Babakura ya san in aka raba shi da labarin nan an bar shi da tumbi kawai. Amma idanu sun yi masa yawa, kuma bakinsa bai taɓa jiran shawararsa ba.

"Ku shaida!" ya ce. "Ku kuma tanadi inda za a rataye lambar zinariya."

Washegari da hantsi ya fara abin da ya kira antarenma, wato atisayen gudu. Ba bayan gari ya tafi irin na Barnabas ba, don a can ba mai ganinsa. Ta tsakiyar kasuwa ya ɓullo, da jallabiya a tattare, yana gudu yana haki, idanu waje.

To, a Diffa ta 'yan shekarun nan na zaman ɗar-ɗar, in ka ga dattijo mai tumbi yana gudu ba ka tsayawa tambaya. Sai ka riga shi, in kun tsira ka tambaya. Mai ƙosai ce ta fara ganinsa, ta yi salati ta suri kaskonta. Mai nama ya bar tsire a wuta. Kafin ka ce me, rabin kasuwa ta ranta a na kare, ana ƙwala wa yara kira, ana ja da ƙofofin kantuna. Babakura ya waiga ya ga jama'a sun biyo shi, daɗi ya kama shi, ya ɗauka magoya baya ne. Sai ya ga kuma suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙosai ta wuce shi da kasko a ka da goyo a baya. Wani tsoho mai dogara sanda ya wuce shi, har yana ce masa ya yi ƙoƙari.

Sojojin da ke bakin mahaɗa ne suka tare shi.

"Baba, me ya koro ka?"

"Ba... ba komai. Antarenma... nake yi."

Suka zaunar da shi a rana ya huce, suka yi masa nasiha irin tasu, suka ce in ya sake tayar da kasuwa zai yi antarenma da tsallen kwaɗo. Mai ƙosai ta bi shi har gida da Allah ya isa.

"An ce har mai sanda ya wuce ka," in ji Kyari da yamma.

"Ni na bar shi. Mutum ya girme ka kuma ka wuce shi? Ina tarbiyya?"

Daga nan ya koma bakin kogi, cikin gonakin tattasai. A can ba mai firgita, sai dai manoma su dogara da fartanya su yi kallo. Yakan yi ɗan gudu daga wannan injin ban-ruwa zuwa wancan, sa'an nan ya zauna a inuwa ya bayyana wa duk wanda ya kusato yadda ake sarrafa numfashi. Sau ɗaya kaɗai aka ga ya yi gudu na haƙiƙa, ranar da karen wani mai gona ya ga baƙon abu yana tangaɗi a cikin kuyoyi. Ranar kam manoma sun shaida, ƙafar Babakura ba ta taɓa ƙasa sosai ba, har sai da ta taɓa bakin lambatu, ya shiga ciki da ka. Ya dawo gari da taɓo har cikin kunne.

"Jikina ya tuno da," ya faɗa wa fada. "Da kun gan ni!"

"Sai mu yi magana da mai karen," in ji Kyari. "Ya ba mu aronsa ranar gasa."

Barnabas ne ya yi kuskuren cewa masu gudu sukan ci taliya a jajibirin gasa don ta ba su ƙarfi. Babakura ya yi lissafi irin nasa: in taliyar yini ɗaya tana ba da ƙarfi, ta wata guda fa? Ya umarci matarsa Gumsu ta daina tuwo. Safe taliya, rana taliya, dare taliya da bandar kifi. Ƙarfin kuwa ya zo, duk ya taru a wuri ɗaya, a gaba.

Ana saura 'yan kwanaki ya shigo gida da ƙunshi daga 'yan gwanjo: riga mai ruwan ɗorawa, da gajeren wando, da takalmin baskit na 'yan wasa mai igiya. Ya shiga ɗaki ya fito da su a jiki ya tsaya a tsakar gida yana jiran yabo.

Gumsu ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ajiye muciya.

"Malam, gwiwoyin nan naka sun taɓa ganin rana kuwa?"

"Kayan aiki ne. Ke ba ki san wasanni ba."

"Na ji. Amma na ji kuma duk ɗan Kalliri da ya kawo tattasai kasuwa sai ka ba shi saƙo, wai a fito a ga wucewarka."

"Ƙwarai! Su san wa suka ba 'ya."

Domin Kalliri, inda za a juyo, garin su Gumsu ne. Mahaifinta, Bulama Kalli, shi ne mai garin, dattijo ne da ko jakinsa ba a wucewa ba a gaishe shi ba.

"To Baba zai fito," in ji Gumsu. "Zai kuwa fito da dattawa. Kai da tun da aka ɗaura mana aure ko ruwa ba ka taɓa sha a gabansa ba, za ka wuce shi a tsaye? Da takalmi? Da wannan ɗan kamfai?"

Babakura ya dubi gwiwoyinsa.

"Zan wuce kamar iska," ya ce. "Kafin ya ɗaga ido na juya. Hannu kawai zan ɗaga masa, haka ake yi a talabijin."

"Allah ya ba da sa'a," in ji Gumsu, ta ɗauki muciyarta tana dariya ƙasa-ƙasa.

Ranar gasa filin ƙwallo ya cika maƙil. Ga 'yan makaranta, ga samari sirara, ga 'yan mata da hijabi da wandon wasanni, ga Barnabas a gefe yana miƙa ƙafafu. Babakura bai saba da takalmi mai igiya ba, rayuwarsa duk a silifa ya yi ta. Ya ji an ce igiya tana kwancewa a hanya ta kayar da mutum, saboda haka ya yi mata ƙullin da ya fi amincewa da shi, ƙullin bakin buhun tattasai, wanda ake yi wa kayan da za su ƙetare iyaka. Ya ja da haƙori, ya ƙara ja. Sa'an nan ya kutsa sahun gaba, ya ture wani yaro da tumbi.

Aka busa usur.

Gaskiya ɗaya ce, Babakura ne ya fara fita daga filin. Ya fita kamar karen nan yana bayansa, jama'a suka ɗauki sowa, ya ɗaga musu hannu biyu. Ya riƙe matsayi na ɗaya har wajen mai sayar da katin waya a bakin ƙofa. Daga nan duniya ta fara wuce shi. Samari suka wuce. 'Yan mata suka wuce suna hira. Wani malamin makaranta ya wuce yana amsa waya. Kafin a fita gari taliyar wata guda ta fara yi masa magana a haƙarƙari.

Can sai ya ji ɗas, ɗas, ɗas a bayansa, a hankali, ba sauri ba tsayawa. Gudun agwagwa ya iso.

"Sannu, Babakura," in ji Barnabas. "Ruwan ya kusa kama ka ne?"

"Dabara... ce. Ina ajiye... ƙarfi."

"To ajiye shi da kyau, kada ya ɓata."

Baƙin cikin a ce agwagwa ta wuce shi ne ya riƙe Babakura. Ya manne wa Barnabas a baya, yana gudu yana tafiya yana jan ƙafa, yana tuna saniya. Duk sanda zuciyarsa ta ce ya zauna a gindin wata ƙaya, sai ya hango fada ba labarinsa a ciki, ya ga kansa zaune shiru kamar baƙo, sai ya ƙara ɗaga ƙafa. A haka, abin mamaki, har rumfunan Kalliri suka bayyana. Maƙogwaronsa ya bushe, harshensa ya manne a ganɗa, ba abin da yake gani sai teburin da masu shirya gasa suka jera ledojin ruwa a kai, kusa da gangar da ake kewayawa a juyo.

Sai kuma ya ga abin da ke bayan teburin.

Saƙonsa ya isa. Kalliri kaf ta fito. An shimfiɗa tabarmi a bakin hanya, daidai gangar, Bulama Kalli yana zaune a tsakiya da babbar riga da carbi, dattawa sun jeru dama da hagu. Mata suna bayan zana, surukarsa Goggo Hauwa a gabansu. Da aka hango riga mai ruwan ɗorawa sai guɗa ta tashi.

Barnabas ya kewaya ganga, ya ɗauki leda biyu ya shanye, ya zuba ta uku a ka, ya ɗaga wa dattawa hannu.

"Sannunku, iyayenmu!"

Ya yi gaba abinsa, don shi ba surukin kowa ba ne a Kalliri.

Babakura ma ya ɗaga hannu, kamar yadda ake yi a talabijin. Hannun ya kai kafaɗa, idonsa ya haɗu da na Bulama, sai hannun ya dawo da kansa ya kama bakin gajeren wando yana ja ƙasa. Ƙafafun da suka kawo shi suka tsaya cak. Shi da ya hana samarin unguwa sakat a kan gaisuwa, yau ya wuce uban matarsa da gudu, a gaban garinsu? Ya sunkuya zai cire takalmi.

Ƙullin buhu ya ce bai san zancen ba.

Ya ja da farce, ya ja da haƙori, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya. Masu gudun da suka rage a baya suka zo suka kewaya shi tare da gangar. Dattawa suna kallo. Da abin ya yi tsawo Bulama ya zaro 'yar wuƙarsa ta yankan goro ya ba na kusa da shi, aka miƙa hannu da hannu har ta iso. Babakura ya karɓa da hannu biyu, ya yanke igiyoyin, ya ajiye takalman a gefe, ya matso ya tsuguna, ya jawo rigar ya lulluɓe gwiwoyinsa.

"Wushe, Baba. Ranka ya daɗe."

"Lale, ɗana, lale. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ai ku ne da gajiya."

Aka gaisa da Bulama, aka gaisa da liman, aka bi dattawa ɗaya ɗaya, kowa da nasa wushe. Goggo Hauwa ta aiko da ƙwaryar fura mai sanyi, har raɓa take yi. Aka dire ta a gaban Babakura. Ya dube ta, ya dubi ledojin ruwa, ya haɗiyi abin da ba shi da shi a baki.

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi," ya ce da wata murya kamar ta ƙofar langa-langa.

"Ɗa mai kunya," in ji liman. Aka ɗauke ƙwaryar, wani dattijo ya shanye ta a kan idonsa.

"To, ɗana," in ji Bulama, "abokan tafiyarka sun yi nisa. Tashi ka bi su, mun gode."

Babakura ya yunƙura. Wani abu ya cafke shi a sharaɓa ya murɗe, ya haura cinya ya ƙulle. Ya gwada ɗaya ƙafar, ita ma ta ce tana nan inda 'yar'uwarta take. Jijiyoyin da suka sha wahalar hanya sun samu tsuguno, sun ɗaure, sun ƙi saki. Zufa ta keto masa sabuwa. Ya ce wa surukinsa ba ya iya tashi? Gara ƙasa ta tsage.

"Ranka ya daɗe, ban tambayi gona ba. Ya tattasai?"

"Tattasai ya yi kyau bana."

"Madalla. Ya ruwa?"

"Ruwa ya fara ja baya."

"Madalla. Injin ban-ruwan nan fa, ya daina tari?"

"An gyara shi."

Ya sake yunƙurawa a ɓoye, ya ji kamar an soka masa wuƙar goron. Ya koma kan liman ya tambayi iyalinsa, da sallar almuru da ta asuba, da ciwon bayansa na bara. Ya tambayi mai unguwa shanunsa. Ya tambayi awakin Goggo Hauwa, da wadda ta haihu da wadda ta yi ɓari. Dattawa suna ta jinjina kai, suna cewa rabon da su ga ladabi irin wannan tun zamanin iyayensu. Masu shirya gasa suka kwashe ledojin ruwa, suka naɗe teburi, suka ɗora ganga a mota. Ɗaya daga cikinsu ya leƙo.

"Baba, kai ne na ƙarshe. Za ka ci gaba ko mu ɗauke ka?"

"Ba ka ga ina gaisawa da manya ba? Yaran zamani!"

Motar ta tafi. Rana ta take. Dattawa suka fara gyara zama, wasu suna hamma, don su ma ba su isa su tashi baƙo yana tsugune yana gaisuwa ba. Kalliri gaba ɗaya ta maƙale a bakin hanya.

"Ɗana," in ji Bulama, "mun sallame ka tun ɗazu."

"Ranka ya daɗe... jakin nan naka mai farin goshi..."

"Ai ka riga ka tambaye shi. Na ce maka ya mutu, ka yi mini ta'aziyya."

Bulama ya ƙura masa ido, ya dubi ƙafafun da ke karkarwa a ƙarƙashin riga. Daga bayan zana muryar Goggo Hauwa ta fito tar, yadda kowa zai ji.

"Wai ba ku gani ba ne? Bawan Allah nan ya sandare!"

Ƙarti huɗu ne suka ɗaga shi, a tsugunensa, kamar tulu. Aka yi ta ja a miƙe ƙafar, yana ihu yana ba dattawa haƙurin ihun. Aka rasa mota, sai amalanken wani mai jaki, Kolo, da ya yi lodin buhunan busasshen tattasai zai kai kasuwar Diffa. Aka ɗora Babakura a can ƙololuwa, aka rataya masa takalmansa a wuya da guntun igiya.

"Amana ce," Bulama ya ce wa Kolo. "Inda ya taso, nan za ka mayar da shi. Kada ka sauke shi a hanya."

Duk wanda ya taɓa zama a kan buhun busasshen tattasai ya san abin da ake nufi. Jaki yana taku, buhu yana numfashi, ƙaurin yana hawa. Babakura ya yi atishawa, atishawar ta tayar da jijiya, jijiya ta sa shi ihu, ihun ya sa ya shaƙi wani ƙaurin. Hawaye da majina suka haɗu. Da suka shigo gari ya fara roƙo.

"Kolo, don girman Allah bi ta lungu. Kai ni gida."

"Bulama ya ce inda ka taso."

"Daga gida na taso!"

"Ni dai filin ƙwallo na sani."

Ana tsakiyar raba kyaututtuka amalanken ya shigo ta babbar ƙofa. Barnabas ya daɗe da isowa, yana zaune da tawul a wuya, Madam Priskila tana yi masa fifita. Mai lasifika ya hango riga mai ruwan ɗorawa a saman buhuna, da lambar gasa a ƙirji, sai ya gyara murya.

"Jama'a, a tafa! Ga ɗan wasanmu na ƙarshe ya iso, shi da direbansa!"

Filin ya kece. Yara suka bi amalanke suna tafi, wayoyi suka tashi sama ana ɗauka. Mai ƙosai, wadda ba ta manta ba, ta rangaɗa guɗa. Jakin Kolo ya taka layin ƙarshe cikin natsuwa, ya tsaya. Gumsu tana cikin mata, ta ja gyale ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

Kyari ya matso ya ɗaga kai.

"Sannu da zuwa, gwanin da ya tsere wa Komadugu."

"Ban faɗi ba!" in ji Babakura daga sama, ido jajir. "Kowa ya shaida, ban... atsha!... ban faɗi ba. Na je Kalliri na dawo."

"Ka dawo kam, da ƙafa huɗu. Sai dai ba ko ɗaya taka a ciki."

Sai da ya yi mako yana jinya kafin ya iya takowa fada. Ya zauna a wurinsa, aka miƙa masa shayi, ya sha shiru. Shirun ya yi masa ciwo fiye da ƙafar. Rannan kuma aka yi baƙo, wani ɗan kasuwa daga Damagaram, hira ta biyo ta kan kogi, baƙon ya tambaya wai da gaske ne Komadugu takan bushe sa'an nan ruwa ya dawo? Nan ne daidai ƙofar da saniya take shigowa shekara da shekaru. Babakura ya gyara zama, ya buɗe baki. Kyari ya ƙwanƙwasa cokali a jikin kofi. Babakura ya rufe bakin, ya sunkuyar da kai, har Barnabas ya ji tausayinsa.

Kyari kuwa bai ji ba. Ya juya ga baƙon.

"Bar zancen ruwa, Alhaji. Bari in ba ka labarin wani da ya tafi gudu ya ɓige da gaisuwa. Mutumin nan ya tsuguna a gaban surukinsa, ya gaishe shi, ya gaida liman, har awaki ya tambaya..."

"Ƙarya ne!"

Kowa ya juyo. Babakura ya ajiye kofi, idonsa ya dawo da haskensa na da.

"Awaki kawai? Har kaji na tambaya, da sunayensu! Mataccen jaki ma sai da na yi ta'aziyyarsa sau biyu. Alhaji, matso ka ji daga bakin mai abin. Tun daga hantsi har azahar ina tsugune, ga fura mai raɓa a gabana ban ko kalle ta ba. Dattawa arba'in suka gaji, ni ban gaji ba. Ƙarti takwas aka sa kafin a raba ni da ƙasa! A duk faɗin kwarin nan ba a taɓa gaisuwa irin wannan ba. Ka tambayi Kyari, ka tambayi Mushe, gari guda ya shaida."

Baƙon ya dubi Kyari.

"Haka aka yi?"

Kyari ya dubi Barnabas don neman agaji.

"Kai ka ja mana," in ji Barnabas. "Wancan labarin ko ba komai muna iya cewa ƙarya ne. Wannan kuwa da mu aka yi."

Kyari ya zuba sabon ganye a buta, ya ƙara gawayi da yawa, don ya ga alama zaman zai yi tsawo. Babakura kuwa ya riga ya koma farko, yana nuna wa baƙon yadda ake ƙullin buhu.